Laminu da Zaren Ɗaure Ƙari

Da kakar bana shekara tara ke nan da muka kai ƙanena Laminu makwancinsa a nan Madarumfa. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ni ne babba. Sunana Hamisu, tela ne ni, karatun lakwal ɗina bai wuce aji shida ba. Shi kuwa ya zarce har ya zama malamin dabbobi, ya yi shekarunsa na aiki yana zagaya ƙauyukan Gabi da Sarkin Yamma a kan babur, jakar allurai ɗaure a baya. Ban saba rubutu a jarida ba, kuma da addu'a ce kaɗai ta rage tsakanina da shi, da na yi abata a masallaci na kama bakina. Amma an mai da mutuwarsa hujjar hana masu ciwo zuwa asibiti, har abin ya zo kan 'yar cikinsa. Wannan kam ba zan yi shiru a kai ba. Zan faɗi yadda aka yi, kowane abu a wurinsa, wanda ya riga faruwa shi zai riga zuwa.

Sai na fara da zare, don daga nan maganar ta taso. A ƙasarmu idan tsiro ya fito wa mutum ko dabba, akan samo gashin wutsiyar doki a ɗaure gindinsa tamau, kullum ana ƙara ja kaɗan. Jini ya daina shiga, abin ya yi baƙi, ya bushe, ya faɗi. Da dawaki suka yi ƙaranci sai mutane suka koma ga baƙin zare mai ƙarfi irin namu na ɗinki. Ban ƙaryata wannan dabara gaba ɗaya ba, Laminu ma bai ƙaryata ta ba. Ya ce akwai tsiro mai laushi, mai siririn wuya, wanda bai wuce fata ba, kuma shi da hannunsa ya sha ɗaure irinsa a jikin maruƙa. Abin da ya ƙi jini shi ne a ɗauki kowane ƙari a matsayin tsiro, a ɗaure mai tauri, mai faɗin gindi, wanda ke ƙaruwa wata bayan wata, a koma gida ana jiran ya faɗi.

San noman wani manomi daga wajen Sarkin Yamma ne ya sa na gane abin da yake nufi. Farin sa ne mai kyau, ƙari ya fito masa a gefen fatar ido. Laminu ya gan shi tun yana ƙarami, ya ce a bari ya yanke shi har gindi. Mai san ya ƙi. Hujjarsa biyu ce: damina ta kusa ba wanda zai ja masa garma, kuma kowa ya san ciwon daji ba ya son ƙarfe, in aka taɓa shi da wuƙa ko allura fushi yake yi. Ya je ya ɗaure. Kan ƙarin ya yi baƙi ya faɗi, kamar yadda ake so. Ranar kasuwa mutumin ya tarar da Laminu zaune a bencin shagona, ya tsaya a bakin ƙofa yadda kowa zai ji.

"Likitan awaki, ina wuƙar taka? Gashin doki ya gama aikin da kuka yi shekaru kuna karantawa."

Laminu ya ce, "Allah ya sa haka ne, Baba. Bari mu ga kaka."

Ba a gama yankan gero ba abin ya dawo. Ya fi na da faɗi, ya ci rabin fatar idon, ga wasu ƙullutai sun fito a ƙarƙashin muƙamuƙi. San ya rame har ƙashin bayansa ya fito, ƙuda ba sa barin fuskarsa. Daga ƙarshe aka kai shi mahauta. Duba nama yana cikin aikin Laminu, don haka da aka yanka sai ga shi ya zo shago da hantsi, ya ce, "Yaya, tsai da keken nan ka zo ka ga wani abu." Na bi shi ina faɗa, don ina tsakiyar ɗinkin mutane.

A gabana ya tsaga ƙarin gida biyu. Tsakiyarsa ruɓaɓɓe ne, toka-toka, yana wari. Gefensa kuwa ja wur, cike da 'yan ƙananan hanyoyin jini a cukurkuɗe, kamar zaren da ya harɗe a ƙarƙashin keke. Ya nuna tsakiyar da tsinin wuƙa, ya nuna gefen, sannan ya yi mani bayani. Zan maimaita shi yadda na riƙe, in na yi kuskure a kalma laifina ne, ba nasa ba.

Da farko, ya ce jikin sa da na kare da na ɗan Adam duk da ƙananan ƙwayoyi aka gina su, waɗanda ido ba ya gani, kuma kowace ƙwaya tana buƙatar iskar nan da muke shaƙa, jini ne ke kai mata. Na biyu, Allah ya sa wa kowace ƙwaya wani abu da take gane ƙarancin iska da shi. In iska ta wadata, da zarar ƙwayar ta yi wannan abu sai ta rushe shi. In iska ta yi ƙaranci sai ya taru, shi kuma ya canza wa ƙwayar hali: ta rage dogaro da iska, ta koma zuƙar sukarin da ke cikin jini, ta kuma aika a tsiro mata sabbin hanyoyin jini. Ya ce wannan rahama ce, da ita rauni ke warkewa, da ita ɗan tayi ke girma a cikin uwarsa. Na uku shi ne wanda ya tsaya a kai ya daɗe. Ƙarin daji yana girma da gaggawa har ya fi ƙarfin jinin da ke zuwa masa, saboda haka tsakiyarsa a shaƙe yake tun kafin kowa ya zo da zare. Waɗansu ƙwayoyin sukan mutu, su ne ruɓaɓɓen nan da na gani. Waɗanda suka tsira su ne masu taurin kai. Su sukan kama waccan rahamar su juya ta, su jawo wa kansu hanyoyin jini, har waɗansunsu su ɓalle daga wurinsu su bi jiki, kamar yadda suka sauka ƙarƙashin muƙamuƙin san.

Sai ya ce, "Ka san gaiwa, Yaya. Tafkin nan namu in ya ja baya da rani, sauran kifi su mutu, ita ta shige laka ta yi zamanta. To haka abin nan yake. Kai kana son ka shaƙe shi, shi kuwa a shaƙe ya girma."

Na tambaye shi ko ke nan zaren ne ya watsa ciwon a jikin san. Amsarsa ita ce dalilin da ya sa har yau nake gaskata shi, don bai ƙara gishiri ba. Ya ce, "Ban ce haka ba, ba ni da hujjar haka. Abin da na ce shi ne zare ba ya kashe shi. Kan kawai yake cirewa, saiwar tana ƙasa. Kuma yana cinye lokacin da wuƙa za ta iya cim masa."

Daga ranar muka kafa ƙa'ida. Duk wanda ya zo shagona neman zare, bai zo da yadi ko tsohuwar riga ba, sai na tambaye shi me zai ɗaure. In dabba ce, in tura shi wurin Laminu. In mutum ne, in nuna masa hanyar asibiti. Mutane sun ji haushi ƙwarai. Wani dattijo ya ce mani, "Hamisu, zare na zo saye, ban zo shari'a ba." Na ce masa shari'ar kyauta ce, zaren ne babu.

Yanzu sai ciwonsa shi. Bayan wasu shekaru Laminu ya fara rama. Ya ce aiki ne da rana. Cikinsa ya riƙa ɗaurewa, ya ce ruwan ƙauye ne. Sai da ta kai ko koko ba ya zama a cikinsa sannan ya yarda muka tafi Maraɗi, daga can aka tura mu Yamai. Likitoci suka ce a hanji abin ya fara, ya toshe hanya, kuma ya riga ya kai hanta. Ba su ɓoye masa ba, shi ma bai nemi a ɓoye ba. Suka yi masa aiki don su buɗe hanyar abinci, ba don sun yi alkawarin warkewa ba. Da ya farfaɗo abin da ya fara ce mani shi ne, "Na ƙare rayuwata ina leƙa idon shanun mutane, ban leƙa cikina ba."

Mun dawo gida da shi ya yi watanni. Yana cin abinci, yana fita masallaci, har yana zama a gindin dogon yaron ƙofar gida Fulani suna kawo masa ƙarar dabbobinsu yana gaya musu abin da za su yi. Masu zuwa dubiya kowa da shawararsa. Wata rana Gwaggonmu, ƙanwar mahaifinmu, ta kawo masa tuwon dawa da miyar kuka, ta zauna tana kallonsa tana girgiza kai.

"Ɗan nan, da ba a taɓa ka da wuƙa ba."

"Gwaggo, wuƙar ce ta sa nake cin tuwonki. Ƙara mani miya."

"Kai dai ba ka rasa abin cewa."

"In kin san mai zaren da zai kai hanji, ki aiko shi ya ɗaure."

Ta yi dariya har da hawaye, ta ƙara masa miyar. Da kaka ta yi Laminu ya cika, a ɗakinsa, cikin iyalinsa, da kalmar shahada.

Ba a share zaman makoki ba na fara jin maganar. "Ga Laminu nan da iliminsa, asibiti ya je." Na ji ta a tasha, na ji ta a bakin rijiya ta bakin matan gidana, na ji ta a lasifikar masu tallar magani ranar kasuwa, ba su ambaci suna ba amma kowa ya san wa ake nufi. Masu faɗar ta ba su tambayi a ina ciwon yake ba, ba su tambayi yaushe aka gano shi ba. Abu biyu suka haɗa, wuƙa da kabari, suka zubar da duk abin da ke tsakani. Duk inda na ji sai na tsaya na gyara, ko a gaban wa. Akwai waɗanda suka daina kawo mani ɗinkin Salla saboda haka. Ban bi su ba.

Wani lokaci ina zaune a kan keke nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Akwai abin da zai faranta masa. Bayan rasuwarsa na ji a rediyo an ba wasu masana babbar lambar yabo saboda sun gano yadda ƙwayoyin jiki ke gane ƙarancin iska, abin nan da ya nuna mani da tsinin wuƙa a mahauta. Da yana nan da ya kwana yana ba mutane labari ko ba su tambaya ba. Zai kuma ji daɗin cewa yanzu akwai na'urar gasa ciwon daji a Yamai, wadda a zamaninsa sai an ƙetare ƙasa. Amma akwai abin da zai ɓata masa rai. Da can mai tallar magani sai ya zo da ƙafarsa, ka ga fuskarsa. Yanzu saƙon murya ne ke yawo a wayoyi, ba ka san mai maganar ba, yana rantsuwa yana cewa kada a bari likita ya taɓa. Zare kuma yana kan kowane tebur a kasuwa. Ƙa'idar shagona tana nan ban janye ta ba, amma na san ba ta tare kowa.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Rakiya ita ce babbar 'yar Laminu. Tana aure a wani ƙauye gaba da Gabi, 'ya'yanta biyu. Mijinta Nasiru manomi ne, in an gama aikin gona yakan ƙetara Najeriya ci-rani. Bara, bayan ya tafi, wani ƙari mai tauri da ya daɗe a kafaɗarta ta hagu ya fara tasowa, ya kai girman goro ya wuce. Ta nuna wa uwar mijinta, Inna Kulu. Inna Kulu ba muguwar mace ba ce, tana son Rakiya, kuma son ne ya sa ta kira wanzamin ƙauyen ya ɗaure. Rakiya tana gidan mutane, mijinta ba ya nan, ta sunkuyar da kai aka ɗaure.

Ranar kasuwa sai ga ta a shagona da goyo. Ta gaishe ni, ta zauna a benci, ta jira har masu karɓar ɗinki suka watse. Sannan ta ce, "Baba, ara mani almakashinka." Na ce me za ki yanka. Ta zame mayafinta. Zaren ya nutse cikin nama, kan ƙarin ya fara baƙi yana ruwa, gindinsa kuwa yana nan da faɗinsa, tauri kamar dutse. Na ce mata almakashin yadi ba ya shiga nan, tashi mu je. Muka tafi asibitin gari. Majo, wato babban ma'aikacin jinya, ya cire zaren ya wanke wurin, ya daddanna gefen da yatsa, ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, mu tafi Maraɗi kada mu yi wasa.

Ba zan ɗauki matar mutum in kai ta a yanka ba tare da saninsa ba, wannan ba tsari ba ne. Na kira Nasiru a waya, ya biyo ta Ɗan Issa ya iso, ya biya ƙauye ya taho da mahaifiyarsa. Muka zauna a zaurena, Rakiya tana daga bayan ƙofar cikin gida. Bayan gaisuwa Inna Kulu ba ta yi kwana-kwana ba.

"Malam Hamisu, tun da kuka ba mu ita ɗiyarmu ce. An kusa gamawa, kan ya yi baƙi, kwana kaɗan ya rage ya faɗi, kun sa an kwance. Yanzu kuma wuƙa?"

Na ce, "Kan ne zai faɗi, Inna. Gindin fa?"

"Ni ban san gindi ba. Ubanta na sani. Ba ku kuka kai shi ba? Da ƙafarshi ya shiga mota, a kwance kuka maido shi."

Na buɗe baki ke nan sai Rakiya ta fito ta durƙusa a bakin ƙofa. A wurinmu suruka ba ta mayar wa uwar miji magana, kuma ba ta karya wannan ba. Ni ta fuskanta, idonta a ƙasa.

"Baba, ka gaya wa Inna ina nan sadda aka maido shi. Da ƙafarshi ya sauko daga mota, ni na kai mashi ruwa. Kafin a tafi da shi ko koko ba ya riƙewa, da ya dawo tuwo yake ci har ya ce a ƙara. Ka gaya mata shi da bakinshi ya ce mani, in na ga ƙari mai tauri a jikina ko a jikin ɗiyana, kada in bari a ɗaure, kada in zauna jira. Na bari an ɗaure don kunya. To kunyar ta ƙare, Baba. Ni zan tafi."

Nasiru yana ta tsintar bakin tabarma, bai ɗaga kai ba. Can ya ce, "Baba, in aka yanka ta mutu fa?"

Na ce masa ba ni da takardar rai a hannuna, babu kuma likitan da ke da ita. Abin da na sani shi ne in aka bar shi ba zai tsaya ba. Ya juya wajen matarsa, abin da ba a cika yi a gaban iyaye ba, ya ce, "Ke kin yarda?"

"Wa ya kawo ni nan? Da ƙafata na zo."

Ya numfasa ya ce, "Inna, ki yi haƙuri. Ki riƙe mana yaran."

Inna Kulu ta tashi tana gyara lulluɓi. "Ku je. In kun dawo da gawa kada wanda ya yi mani kuka a ƙofar ɗaki." Ta kai bakin zaure ta dawo, ta kwance goyon daga bayan Rakiya da hannunta, ta goya, ta fita ba ta waiwayo ba.

A Maraɗi aka yanki ɗan kaɗan aka auna, aka tura mu Yamai. Hanyar ba kusa ba ce, zaman can ma ba sauƙi, duk wanda ya yi jinya a birni ya san abin da nake nufi. Sakamako ya nuna daji ne, irin na fata wanda ke baza saiwa a kaikaice ta ƙarƙashi, amma bai tafi ko'ina ba tukuna. Likitar da ta duba ta, wata matashiya ce mai haƙuri, ta zana da alƙalami a kafaɗar inda za a yanka, sai na ga zanen ya ninka ƙarin faɗi nesa ba kusa ba. Na ce duk wannan? Ta ce abin da ido ke gani shi ne kaɗan ɗin. Na tambaye ta maganar ƙarancin iska, ko na riƙe ta daidai. Ta ce haka ne, ta ƙara mani abin da ban sani ba: wurin da iska ba ta kaiwa a cikin ƙari shi ne ya fi gagarar na'urar gasa ciwon, magani ma da ƙyar yake isa can, tun da hanyoyin jinin a karkace suke. Shi ya sa suke son a zo musu da shi yana ƙarami.

Aka yi aikin. Suka ɗebo fata daga cinyarta suka rufe wurin. Da aka buɗe na duba da idon sana'ata, na ce wa Rakiya faci ne, amma ɗinkin ba laifi. Ta ce, "Baba, ko a nan ma sai ka duba ɗinki?" Nasiru ne ya yi jinyarta, shi ke wanke mata kaya a famfon asibiti, maza 'yan uwansa suna kallo bai damu ba.

Ba zan yi wa mai karatu ƙarya ba. A ɗakin da ta kwanta akwai waɗanda ba su fita da rai ba, har da wadda aka ce ta zo da wuri. Asibiti ba ya hana ajali, kuma an gaya mana irin na Rakiya yakan dawo a wurin da aka yanke, dole ta riƙa komawa ana dubawa. Ba cewa nake duk wanda aka yanka zai tashi ba. Cewa nake wanda ya ɗaure daji da zare bai yi magani ba, jira kawai ya yi, ciwon kuwa ba ya jira tare da shi. Wanda ke da wata hujja ya kawo ta, shagona a buɗe yake. Amma ya nemo ta a wani wuri, kada ya tono ta daga kabarin ƙanena.

Rakiya ta yi noman bana, ta ɗauki dami a kai, sai dai hannun hagun ba ya miƙewa sama sosai. Inna Kulu ta karɓe ta da guɗa, kuma har gobe tana gaya wa mutane cewa zaren ne ya karya lagon ciwon, likitoci ƙarashe kawai suka yi. Na so in je in gyara mata. Rakiya ta ce in bar ta, tun da dai yanzu ita ce ke tuna mata ranar komawa asibiti.

In na auna abin da Laminu ya bari, ba shi da yawa a ido. Babur ɗin an sayar, jakar allurai ta ruɓe, matasan makiyaya na yanzu ba su san sunansa ba. Bai gina bene ba, bai bar gona mai faɗi ba. Abin da ya bari hali ne: in ya ga abu ya faɗe shi yadda yake, bai rage don a so shi ba, bai ƙara don ya ci gardama ba. Na daɗe ina zaton ni kaɗai nake riƙe da wannan gado, ina ta faɗa da mutane a tasha. Ashe yana wurin wadda ba ta taɓa ɗaga murya ba.

A wani taron suna da aka yi a ƙauyensu kwanan baya, mata suka fara maganar wai an ce an cire mata kafaɗa ɗungum. Rakiya ta zame mayafi a tsakar gida ta ce kowa ta zo ta gani, ta taɓa in tana so. Suka zo suka gani. Bayan an watse tana wanke tukwane, wata dattijuwa maƙwabciyarsu ta tsaya a kanta, hannunta dafe da ƙirjinta ta cikin zane. Sannan ta ce, "Ɗiyata, ranar da za ki koma asibiti, ki biyo ta gidana."

Allah ya jiƙan Laminu, ya yalwata masa makwanci, ya sa abin da ya koyar ya zame masa haske. Ranar komawar Rakiya ta kusa. Na riga na je tasha na ga direban motar Maraɗi, na ce masa wuri biyu zai ajiye, ɗaya na Rakiya, ɗaya na dattijuwar nan.